Ƙoƙon Baba Audu

Da sunan Allah nake farawa. Na rubuta wannan ne saboda masu tsoho a gida, musamman irin tsohon da bai yarda ya tsufa ba. Mahaifina, Malam Garba maƙeri na Tudun Kaya, ya yi jinyar wata huɗu a zamanin Turawa, shekarar da motocin gyaɗa suka fara zuwa har Ƙaraye. Abin da ya kusa kashe shi yana cikin bakinsa, ni kuwa na tafi ina nemansa a zukatan mutane, domin ni tun ina yaro mai zargi ne. Inna takan ce ko inuwata ce ta riga ni shiga ɗaki sai na tambaye ta wa ya aiko ta.

Baba ya haura sittin a lokacin, amma ba ka isa ka faɗa a gabansa ba. Daga sallar asuba yake hura wuta, ya yi ta dukan ƙarfe har azahar, da la'asar kuma yana gona. Ran kasuwa ya ɗaura damin fartanya a ka ya nufi Ƙaraye a ƙasa, wani makon Rogo. Da can in ya shiga kasuwa bakinsa ba ya hutawa: tsire, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, har ana yi masa kirari da cewa Garba ba ya barin ƙashi sai ya ga ɓargo. A gida kuwa koko da safe, fura da rana, tuwon dare sai a ciyayya. Yadda ake ciyayya a unguwarmu shi ne bayan magariba kowane maigida a fito da akushinsa ƙofar gidanmu, dattawa su zauna su bakwai, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo wani. Ni ɗan fari ne. Baba ba ya kiran sunana, ni kuma ba na zama inda yake cin abinci. Shekarata arba'in ban taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba, kuma ina alfahari da wannan tarbiyya.

A guduma na fara gani. Ana tsakiyar ƙirar bazara, manoma sun yi layi suna jiran garma, sai ya ajiye babbar gudumarsa ya ɗauki ƙarama, ya ce ƙotar waccan ce take rawa. Da ya fita na duba ƙotar, ƙalau take. Mako na gaba muna hanyar Ƙaraye ya zauna hutawa sau uku, yana cewa ƙaya ce ta shiga takalminsa. Na lura rigarsa ta yi masa yawa, damtsen nan da yake kamar taɓarya ya saki, fata tana lilo. Na tambayi Inna ko yana cin abinci. Ta ce, "Yo akushinsa wayam yake dawowa kullum, har sai na ga kamar an wanke. Tsoho kuma ai ba ciki ne da shi ba, koko da goro sun ishe shi." Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa hannu bakwai ne suke shiga akushin nan.

A mako na uku Gwaggo Delu, yayar Baba, ta iso daga Rogo da ƙunshin sassaƙe. Ta kalli idonsa ta ce ciwon shawara ne. Ta hana shi mai, ta hana gyaɗa, ta hana nama, har nonon da ake dama masa fura da shi ta ce a daina, a dama da ruwan tsamiya. Da ƙafafunsa suka fara kumbura ta ce mataccen jini ne ya sauka, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho shida a baya. Ina tsaye aka zubar da jinin a bayan gida, baƙi ƙirin, muna ta hamdala wai cuta ta fita. Washegari da ya miƙe daga buzu sai da ya dafa bango.

Na ɗora shi a jaki muka tafi ɗakin magani na Ƙaraye. Tun hantsi muke cikin layi, ba a kira mu ba sai bayan la'asar, rana ta gama gasa tsoho. Malamin asibitin ya ja fatar idonsa ya duba, ya ce jini ya yi kaɗan, wataƙila tsutsar ciki ce. Yana rubutu ya tambaya, "Yana cin abinci?" Na ce yana ci. Baba, ta bayan amawalin rawaninsa, ya ce alhamdulillahi. Na daɗe ina jin haushin mutumin nan don bai ɗago kai ba, amma in za a bi gaskiya mutane ne har bakin hanya, kuma tambayar da ta dace ya yi, mu ne muka ba shi amsar banza. Maganin da ya bayar ya wanke cikin da dama ba komai a ciki.

A nan Gwaggo ta sake shawara. Ta ja ni zaure ta rage murya. "Mamman, ruwa ba ya tsami banza. Na ga tsufa, na ga shawara, wannan ba ko ɗaya ba ne. Da hannun mutum a ciki. Ka buɗe ido ka ga wa yake ba shi abin da ba ya ba kowa." Ta faɗa wa mai jiran a faɗa masa. Ranar nan da magariba na laɓe a bayan dangar maƙera, inda nake hango dattawa ba sa hango ni.

Duhu bai bar ni na ga cin kowa ba, amma na ga abu ɗaya. Bayan an jera akusa, Baba Audu, ɗaya daga cikin dattawan, ya zaro wani ɗan ƙoƙo rufe da faifai daga ƙarƙashin rigarsa, ya tura shi gefen Baba, ya gyara zama yadda jikinsa ya kare shi. Ba wanda ya sa hannu a ciki sai Baba. Wani dattijo ya yi tsokana, ya ce yau ma maganin basir ɗin ne? Baba Audu ya ce shi ne. Kwana uku ina laɓewa, kwana uku ƙoƙon nan yana fitowa.

Baba Audu aminin Baba ne na shekara talatin. Manomi ne, mutumin Jajaye, ya zo garinmu da ƙuruciya ya zauna. A kafaɗarsa na fara zuwa kallon kokawa. Amma da zarar na ga ƙoƙon nan sai duk wannan ya gushe, na tuna abubuwa biyu kawai: baƙo ne, kuma gonarsa tana iyaka da fadamar Baba, har ya taɓa cewa in za a sayar a fara gaya masa. A dare na huɗu, da suka tashi sallar isha'i, na lallaɓa na kwashe ɗan abin da ya rage a ƙoƙon cikin ganye. Wani abu ne mai laushi, launin ƙasa-ƙasa, yana ƙanshin man shanu. Na ba kyanwar gidanmu, ta lashe har ganyen, na yi kwana biyu ina bin ta da ido. Ko atishawa ba ta yi ba. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa na kai wa Gwaggo labari, ta ce ai sammun da aka kira sunan mutum a kansa ba ya kama kyanwa, na ce wallahi haka ne.

Muka ce wa Baba wani malami ya hana shi zaman waje da magariba saboda iska, aka koma kai masa tuwo ɗaki. Gwaggo kuma ta ɗan yi magana da mace ɗaya a bakin rijiya, wai a bar shi a tsakaninsu. Kafin Juma'a ba gidan da bai ji ba. Da Baba Audu ya zo da ƙoƙonsa zai shiga gurin amininsa, ya tarar da ni a tsaye a ƙofar zaure.

"Sannu da jinya, Mamman. Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi. Baba, me ke cikin ƙoƙon nan?"

Ya dube ni. "Abin da zai amfane shi."

"To a buɗe a ci a gaban jama'a mana. Me ya sa sai shi kaɗai?"

"Wannan sai ka tambayi ubanka, ɗana. Ni alkawari na ɗauka."

Ya san ba zan iya tambaya ba, kuma a lokacin na ɗauka shi ya sa ya faɗa. Na ce, "Mun gode, amma daga yau ba abin da zai shiga cikinsa sai wanda aka dafa a gidan nan." Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya mayar da ƙoƙon ƙarƙashin riga ya juya. A ciyayya kuma dattawa suka fara tsallake akushinsa. Ba wanda ya ce masa kanzil, in an zo kansa sai kowa ya ce ya ƙoshi. Kwana uku akushin yana komawa gida a cike. A na huɗu ya ɗora kayansa a jaki, ya bar wa wani ɗan'uwan matarsa geronsa da ya kusa isa girbi, ya koma Jajaye. Na ce wa Gwaggo, ga shi nan, mara gaskiya ko a ruwa sai ya yi gumi. Baba kuwa muka ce masa Audu ya yi tafiya.

Ina jiran sauƙi, sai ga akasi. Makonni uku da suka biyo baya ban taɓa ganin mutum ya zube haka ba. Akushi ya koma fitowa daga ɗakinsa kusan yadda ya shiga, an ɗan gutsiri gefen tuwon, miyar ba a taɓa ba. Kumburi ya hau har gwiwa, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Ni kuwa cewa nake sammun ne ya riga ya kama. Aka sha rubutu, aka yi turare, aka tone ƙofar maƙera ana neman abin da aka binne, ba a samu komai ba sai wani tsohon kan gatari. Ragon da nake kiwo don layya a nan ya tafi. Ranar da Baba ya kasa zama ya yi sallah sai a kwance, Inna ta fito tana kuka ta ce in ban kai shi Kano ba ita za ta goya shi.

A saman buhunan gyaɗa muka tafi, ni ina rungume da shi don kada gargada ta wurgar da shi. Nauyinsa bai kai na damin dawa ba. A asibitin Kano mun yi kwana biyu a gindin bishiya kafin mu ga likita, masu gadi suna kora mu daga wannan ƙofa zuwa waccan kamar awaki. Ban yafe wannan korar ba har yau, ko da yake a gidan ne aka ceci ran ubana. Likitan Bature ne, da wani malamin asibiti Bakano yana yi masa tafinta. Ya danna ƙafa, ya duba ido, sannan ya ce a sauke amawali a buɗe baki.

Baba ya ce, "A fitar da yaron nan tukuna."

Likita ya ce a'a, mai jinya ne ya fi kowa buƙatar gani. Baba ya runtse ido ya buɗe baki. Haƙoran gaba suna nan, su muke gani in yana magana. Na ciki kuwa, turame, babu ko ɗaya sama da ƙasa, sai dasashi ja jawur, wani gurin ya yi gyambo. Likita ya yi ta tambaya, tafinta yana juyawa. Yaushe rabonsa da nama? Da gyaɗa? Da wake? Da nono? Da ya ji labarin ƙaho da hanin Gwaggo sai ya ajiye alƙalami ya kalle ni. Tafinta ya ce, "Ya ce yunwa ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rumbunmu uku."

Tafinta ya saurara ya ce, "Ya ce ba yunwar hatsi ba. Saurayi ko tuwo zalla ya ci zai kai shi gona ya dawo da shi. Tsoho mai aiki kuwa jikinsa ya fi na saurayi neman nama da wake da nono da ƙwai, ga cikinsa ba ya ɗaukar da yawa a zama ɗaya, sai kaɗan-kaɗan sau da yawa. In yana ɗaga guduma bai samu ba, jikin sai ya koma cin kansa." Wannan magana ta jiki ya ci kansa ita ce ta zauna mini har yau.

Duk da haka ban saki zargina ba. Na ce akwai wani mutum da yake ba shi wani abu a ƙoƙo a ɓoye, ko likita zai duba ko shi ne sanadi. Baba ya buɗe ido. Likita ya sa aka tambaye shi me ke cikin ƙoƙon. Bai kalle ni ba, bango ya gaya wa. "Nama ne, a dafa ya yi lugub a daka. In babu nama, wake da garin ƙuli-ƙuli. Da man shanu, ba barkono. Shekara biyu ke nan." Tafinta bai jira Bature ya gama ba ya juyo gare ni. "Malam, wannan ƙoƙon ne ya riƙe ubanka. Ya aka yi aka daina?" Na kawar da kai, kuma na ga Baba ya juyo yana kallona.

Mako biyu muka yi a can. Aka wanke masa baki, ana ba shi madara da romo da kunun gyaɗa sau shida a yini. Kumburi ya saɓe, ya fara takawa zuwa bakin ƙofa. Muka dawo gida da murna, na sa Inna ta riƙa daka nama da wake yadda aka faɗa, Gwaggo ta koma Rogo tana cewa ita dai ta san abin da ta gani. Ran da muka iso Baba ya tambayi labarin Audu, Inna ta gaya masa komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juya fuska bango. Daga ranar in na kai masa abinci na ajiye na fita, in na dawo sai in tarar ya yi loma biyu ya rufe. Na canja nama, na ƙara man shanu, na sayo zuma. Kwana goma ba su cika ba na danna ƙafarsa ramin ya sake zama. Tsoro ya kama ni irin wanda bai kama ni ba ko a saman motar gyaɗa, domin wannan karon na san cutar, na san maganin, kuma ga shi yana tafiya.

Na kama hanyar Jajaye da sassafe, a ƙasa. Na tarar da Baba Audu a ƙofar gidan ƙaninsa yana tufkar igiya. Na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa. Ya amsa gaisuwata duka, ya tambayi Inna, ya sa aka kawo mini ruwa. Na faɗi abin da ya kawo ni, na nemi gafara, hawaye suna zuba ban damu da masu wucewa ba.

Ya ce, "Na yafe maka tun a ƙofar zauren, Mamman. Tsoron rasa uba ne. Ni na riƙe masa kai ranar da ya cire haƙorin farko da awartakinsa, a bayan maƙera. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya in sun dame shi. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Ya ce ran da aka ji Garba ba ya iya tauna, ran nan za a fara kai garma gurin yara. Tuwo ai haɗiya ake yi, amma miya mai yaji in ta taɓa dasashin nan sai ka ga gumi ya karyo masa. Sai ya yi ta kai hannu akushi yana dawo da shi ba loma. Na ga ba zan zuba ido ba."

Na ce, "Baba, ka dawo. Zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗa wa kowa ƙarya na yi."

Ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya. "Kai yaro ne, ka yi na yara. Su fa? Shekara talatin muna haɗa hannu a akushi ɗaya, ba wanda ya ce, Audu, zo mu tambaye ka. Ƙoshi kawai suka yi. Zan iya zama in ga hannun nan sun dawo cikin tuwona? Ba zan iya ba, ɗana." Ya koya mini yadda ake tace waken a cire ɓawo, ya ce a kai da ɗumi, ya raka ni har bakin gari. Ya ce in gaida Garba, in ce masa ya ci abinci.

Washegari na tsaya a kan Inna aka yi yadda ya faɗa, na kai wa Baba da kaina bayan magariba. Yana jingine da bango. Ya kalli bayana, ya ga ba kowa.

"Bai zo ba?"

"Bai zo ba, Baba. Ya ce a gaishe ka. Ya ce ka ci abinci."

Na ajiye, na buɗe, na miƙe zan fita kamar yadda na saba tun ina yaro. Na kai bakin ƙofa sai na ji muryarsa, can ƙasa.

"Shi zama yake yi har in gama."

Na tsaya riƙe da asabari. Duk abin da aka koya mini yana cewa in fita. Na dawo na zauna a gefen buzunsa, ban san inda zan sa idona ba. Ya ɗebo ya kai baki, yana juya lomar a hankali da harshe, kansa a karkace don kada ta taɓa gyambon. Ya daɗe ƙwarai kafin ya haɗiye. Ya tura ƙwaryar gabana, na sa hannu. Muka ci tare har muka ga gindinta.

Haka muka ci gaba, safe da rana da dare, da ɗan kunu a tsakani. Kafin bazara ta zagayo ya koma maƙera da ƙaramar guduma, ni ina riƙe da babbar. Wanda duk yake da tsoho mai aiki, kada ya tambayi akushi, kada ya tambayi tsohon, ya zauna ya gani da idonsa. Baba ya ƙara shekara shida a duniya. Baba Audu ya riga shi da biyu, a Jajaye, kuma ba su sake ganin juna ba.